Yayin Takalmi Mai Tsini a Ƙasar Fagam: Tsakanin Akwatin Lefe da Ƙafar Mai Shi

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi matsayin takalmi mai tsini a suturar matan Fagam da maƙwabtanta na ƙananan hukumomin Gwaram da Birnin Kudu, a lokacin da ake ta cewa an daina yayinsa a duniya. An bi sunayen da Hausa ta ba shi, da tarihin takalma a ƙasar Hausa, da irin ƙasar da ake takawa a yankin, da hidimomin aure. Hujjar da maƙalar ta ginu a kai ita ce, a wannan yanki mallakar takalmin daban, sa shi a ƙafa daban, kuma lefe ne ke riƙe da kasuwarsa. Saboda haka ma'aunin da ake auna yayinsa da shi a Turai da Amurka ba zai ba da amsa ta gaskiya a nan ba.

1.0 Gabatarwa

Duk wadda ta taɓa zama wurin buɗe lefe a Fagam ko Sara ko Gwaram ta san tsarin da ake bi. A fara da zannuwa, atamfa da leshi da shadda, a ƙirga su turmi-turmi, sannan mayafai, sannan a zo kan akwatin takalma da jakunkuna. A nan za a ɗaga takalmi mai tsini da jakarsa mai launi ɗaya da shi, a miƙa daga hannu zuwa hannu, a yaba. Idan aka koma gidan amaryar bayan wata shida, silifa ce a bakin ƙofarta, takalmin nan kuwa yana cikin kwalinsa a saman sif, ƙila sau ɗaya ko sau biyu ya taɓa ƙasa.

A wani gefen kuma, an daɗe ana rubutu a jaridun ƙasashen Yamma cewa zamanin wannan takalmi ya ja baya. Kamfanin NPD, wanda a lokacin yake bin diddigin ciniki a Amurka, ya ba da rahoton cewa a shekarar 2017 cinikin takalma masu tsini ya ragu da kashi 12 cikin ɗari, na kambas ɗin mata kuwa ya ƙaru da kashi 37. A 2016 wata ma'aikaciya a Landan, Nicola Thorp, ta tara sa hannun mutane sama da 150,000 a kan a hana tilasta wa mata sa shi a wurin aiki, har maganar ta kai gaban majalisar dokokin Birtaniya. A 2019 Yumi Ishikawa ta tayar da irin wannan ƙorafi a Japan. Zaman gida na annobar korona a 2020 ya ƙara dakushe shi. Duk waɗannan labarai ne na matan da takalmin ya kasance musu kayan aiki na yau da kullum, suka gaji da shi. Tambayar da ta dace da mai nazarin al'adun Hausawa ita ce, me ke faruwa da shi a wurin da tun farko bai taɓa zama takalmin aiki ba?

Fagam gunduma ce a ƙaramar hukumar Gwaram, cikin masarautar Dutse, a kudancin Jihar Jigawa, daf da iyakar Jihar Bauchi. Kafin a ƙirƙiri Jigawa a 1991 yankin yana cikin Jihar Kano, a ƙarni na 19 kuma bakin iyakar ƙasar Kano ne ta kudu maso gabas, inda aka sha fama da hare-haren Ningawa. Ƙidayar 2006 ta ba Gwaram mutane sama da 270,000, Birnin Kudu kuwa sama da 310,000, akasarinsu manoma da makiyaya. An zaɓi yankin ne saboda karkara ce da ba ta yanke da birni ba: kayan Kano na isowa kasuwanninsa cikin yini guda, hotunan yayi kuwa na isowa wayoyin 'yan mata cikin daƙiƙa.

2.0 Yayi da sunayen takalmin

Kalmar yayi a Hausa ta fi ƙarfin ado kawai. Ana yayin ɗinki, ana yayin waƙa, ana kuma yayin mura ko ciwon ido. Abin da ya haɗa su shi ne yaɗuwa daga mutum zuwa mutum na wani lokaci, sannan abin ya lafa. Da zarar abu ya daɗe har an daina tambayar daga ina ya zo, ya fita daga yayi ya shiga al'ada. Wannan bambanci shi ne ginshiƙin abin da za a tattauna, domin akwai alamar takalmi mai tsini ya tsallaka wannan iyaka a wani fanni na rayuwar Hausawa, a wani fannin kuma ko shiga bai yi ba.

Sunayensa ma abin lura ne. Ana cewa takalmi mai tsini idan dundunniyarsa siririya ce. Ana cewa mai tudu idan ƙasansa gaba ɗaya ya ɗaga, ko dundunniyar ta yi faɗi. 'Yan mata masu boko kan ce hil, aro daga Ingilishi. Sai kuma ƙwas-ƙwas, wanda ya samo asali daga amsa-kama, wato sautin da takalmin ke yi a kan daɓe mai tauri. Hausa ba ita kaɗai ta yi haka ba. Larabci ya kira takalmin katakon da matan Sham da Masar ke shiga gidan wanka da shi ƙabƙab, shi ma daga sautinsa. Amma ƙwas-ƙwas yana ɗauke da wani hukunci da sauran sunayen ba su da shi. Idan dattijuwa ta ce wance ta shigo tana ƙwas-ƙwas, ba takalmin take bayani ba, halin mai shi take nufi: ta zo da iyayi, tana son a san ta iso. Sunan kuma ya tona wani abu game da wurin da takalmin ke rayuwa, domin a kan rairayi ba ya ƙwas-ƙwas. Sai an sami siminti ko tayil ko kwalta.

3.0 Takalmin Bahaushe kafin zuwan tsini

Ƙasar Hausa tsohuwar ƙasar takalma ce. A farkon ƙarni na 16 Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, ya ambaci dukawan Gobir da takalmansu da ake kaiwa Tambutu da Gawo. Littafin tarihin sarakunan Kano ya lissafa takalmin gashin jimina cikin abubuwan da Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) ya fara, kuma har yau yana cikin kayan sarautar Kano. Da Heinrich Barth ya zo Kano a 1851 ya tarar takalma ne ke bin tufafi a cikin kayan sana'ar gida da ake fitarwa nesa. Ya ƙiyasta cinikinsu a wuri miliyan 10 a shekara, ya kuma ce mafi kyawunsu, da ake kira taka-saraki, wuri 200 ne kuɗinsa.

Abin da ya haɗa fade da sambatse da ƙafa-ciki da huffi da kurufan mahaya shi ne, dukansu a shimfiɗe suke. Adonsu yana sama, a fatar da aka rina da aikin da aka yi mata, ba a ƙarƙashi ba. Wanda ya ɗaga daga ƙasa shi ne dangarafai na katako, shi kuwa na kauce wa taɓo da ruwa ne, ba wanda ke zuwa biki da shi.

Akwai dalilin da ya sa dunduniya ba ta tsiro a nan ba, kuma yana cikin kayan doki. A Farisa mahaya ne suka fara sa takalmi mai dunduniya, domin ta maƙale a siririyar likkafa idan mahayi ya miƙe zai yi harbi da baka. Jakadun Shah Abbas na Farko sun isa Turai bayan sun tashi a 1599, masu mulki a can suka ɗauki salon a matsayin alamar mazantaka, har Sarki Luwi na 14 na Faransa ya shahara da jar dunduniya. Sai a ƙarni na 18 maza suka bar wa mata shi. Likkafar da mahayan ƙasar Hausa ke hawan salla da ita kuwa faffaɗa ce, tafin ƙafa gaba ɗaya ke zama a cikinta, don haka mahayi ba ya bukatar abin maƙalewa. Ga alama wannan ne ya sa baduku bai taɓa samun mai nemansa da ya ɗaga masa dunduniya ba.

Siririn tsinin da muka sani yau ɗan farkon shekarun 1950 ne, lokacin da masu zana takalma irin su Roger Vivier, da ke yi wa Dior aiki, suka dogara da sandar ƙarfe a cikin dundunniyar don kada ta karye. Ya shigo Arewa ta kantunan 'yan kasuwar Turai da ƙafafun ma'aikata, malaman makaranta da matan manyan ma'aikatan gwamnati. Kantin Bata ya bar sunansa a kan wata mahaɗa ta Kano kusa da kasuwar Sabon Gari, sunan da direbobi ke kira har yau. A tsakiyar shekarun 1970, zamanin kuɗin Udoji, samarin birni ma sun yi yayin takalmi mai tudu tare da wando mai buɗaɗɗiyar ƙafa, suka kuma watsar da shi cikin 'yan shekaru. Wannan yayi ne na gaskiya, ya zo ya wuce. Na mata bai wuce ba, don ya sami mafaka.

4.0 Ƙasar da ake takawa

A ɗauki misalin mace mai nauyin kilo 60. Idan ta tsaya a kan silifa biyu masu faɗin murabba'in santimita 150 kowace, nauyin da ke kan kowane murabba'in santimita bai wuce giram 200 ba. Idan kuwa tana tafiya a kan tsini mai faɗin murabba'in santimita ɗaya, a lokacin da dundunniya ta fara sauka, babban kaso na kilo 60 ɗin nan yana taruwa ne a kan wannan ɗan wuri. Shi ya sa tsini ke nutsewa a rairayi, ya huda tabarma, ya ɓula ledar tsakar ɗaki, ya farfasa daɓen ƙasa. Uwargidan da ta ce wa baƙuwa ta cire takalminta tun daga zaure ba ƙiyayya ce ta sa ta ba, ledarta take karewa.

Ƙasar Fagam ta duwatsu ce da tsakuwa da rairayi, da damina kuma lunguna su zama taɓo. In ban da babbar hanya da 'yan titunan cikin manyan garuruwa, ƙasa ake takawa. Abin hawan da ya fi yawa tsakanin ƙauyuka babur ne, kuma duk wadda ta taɓa ɗora tsini a kan matakin babur, ko ta sauka da shi a gefen hanya mai gangara, ta san abin da ake gudu. Targaɗen idon sawu ba ƙaramin abu ba ne ga macen da surfe da ɗebo ruwa da goyo ke jiranta. Likitocin ƙashi sun daɗe da bayyana cewa ɗaga dundunniya yana tura nauyin jiki kan yatsu, kuma yawan sa shi na shekaru yana ɗaure agara da naman sha-raɓa. Sai dai wannan ciwo na biyu na mai sa shi kullum ne, kuma ba ita ce matar Fagam ba.

Abin da ya fi ƙasar ma tasiri shi ne ladabin zama. Bahaushiya tana cire takalmi idan za ta shiga ɗaki, idan za ta hau tabarma, idan za ta durƙusa ta gaida suruki ko wani babba, idan za ta yi alwala sau biyar a yini. Takalmin da za a cire sau goma sha a rana dole ya zama mai saurin zarewa. Sannan a taron mata na gargajiya, suna ko wuni ko gaisuwar mutuwa, a ƙasa ake zama. Tsawon da takalmin ya ƙara wa mace yana ƙarewa ne a bakin ƙofa, inda za ta bar shi cikin tarin takalman jama'a, hankalinta rabi a kan hira rabi a kan kada a yi mata musanye. Takalmi mai tsini yana bukatar taron da ake zama a kan kujera, a tashi a taka a gaban mutane, ba a cire komai ba. Irin wannan taro shi ne dina da kamu na zamani da ake yi a ɗakin taro a Dutse ko Birnin Kudu ko Kano, da kuma wanda ake kafa rumfa da kujerun roba a ƙofar gida. Duk inda kujera ta kori tabarma a biki, tsini na biye da ita. Mai son sanin yaɗuwarsa a Gwaram zai fi samun haske daga masu hayar kujeru da rumfuna fiye da daga mujallun ado.

Ko matan da ke fita aiki a yankin ba su zama kasuwarsa ba. Ma'aikatan jinya na Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu a tsaye suke yini, shimfiɗaɗɗen takalmi aikinsu ke so. Malamar firamare da ke taka ƙasa zuwa makaranta haka. 'Yan hidimar ƙasa da kambas ake sallamo su daga sansani. Ɗaliban jami'o'in Dutse da Kafin Hausa, waɗanda su ne ke dawo wa ƙauyukansu da sabon salo a lokacin hutu, sun fi yawo da kambas da silifa mai ado a ƙarƙashin abaya. A nan kam ana iya cewa abin da ya faru a Amurka ya faru, amma ta wata hanya: kambas ya ci kasuwar fade da sandal ne, bai karɓi komai daga hannun tsini ba, don tsinin bai riƙe wurin ba tun farko.

5.0 Lefe, mafakar tsini

Asalin lefe kwando ne da ake saƙawa da kaba, a zuba kayan amarya a ciki. Mazubin ya yi ta sauyawa, daga kwando zuwa adudu da fantimoti, zuwa akwatin ƙarfe, zuwa jerin akwatuna masu taya na yau, sunan bai sauya ba. Kayan ciki ma sun ƙaru, kuma wani abin da ya shiga ya zauna shi ne takalmi da jaka 'yan saiti. Yau ba a cewa lefe ya cika sai da su.

Me ya sa mai tsini ne ke wakiltar takalma a akwati, alhali kowa ya san ba shi amarya za ta riƙa sawa ba? Lefe abin nuni ne kafin ya zama abin amfani. Dangin ango suna magana ne da dangin amarya ta bakin kaya, kuma kowane abu a akwatin dole ya faɗi darajarsa da kansa a cikin 'yan daƙiƙun da zai yi a hannun masu dubawa. Silifa, komai tsadarta, silifa ce a ido. Takalmi mai tsini da duwatsu masu ƙyalli da jaka mai kama da shi yana cewa an je birni, an zaɓo, ba a yi ƙwauro ba. Rashin amfaninsa na yau da kullum ma wani ɓangare ne na saƙon, domin yana nuna ana ɗaukar yarinyar a matsayin wadda za ta huta, ba wadda za ta yini a gona ba. Wannan ma'ana ta yi daidai da tsohon tunanin Hausawa game da kulle, inda zaman mace a gida ke nuna wadatar mijinta. Ta dace kuma da abin da Hausa ke yabawa a tafiyar mace: yanga, rangwaɗa, taku ɗai-ɗai. Tsini yana hana sauri, kuma Bahaushe bai taɓa ɗaukar sauri a matsayin adon mace ba. Marubutan littattafan soyayya na Kano, tun daga tsakiyar shekarun 1980, sun ƙara wa wannan hoto ƙarfi, domin da wuya a kwatanta kwalliyar tauraruwar labari ba a kai ga takalminta da jakarta ba, kuma 'yan matan karkara sun karanta ko an karanta musu a rediyo.

Hanyar kayan sananniya ce. Akasarinsu daga Sin suke, wasu ta Dubai, wasu kuma ɗinkin Aba ne daga kasuwar Ariariya. Suna sauka Kano, masu haɗa lefe su saye zannuwa a Kantin Kwari su ƙarasa Sabon Gari don takalma da jakunkuna, ƙananan 'yan kasuwa kuma su sara su kai kasuwannin mako irin ta Sara. A da yayyen ango da gwaggonninsa ke zaɓe, a aiko da lambar ƙafa kawai, shi ya sa ake yawan samun wanda ya matse ko ya yi yawa. Yanzu amarya kan turo hoton abin da take so ta WhatsApp, wani lokacin ma a ba ta kuɗin ta haɗa da kanta.

A nan ne maganar ta daina zama ta ado kawai. Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023 da sakin darajar naira a watan Yuni na shekarar, dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin hukuma zuwa sama da 1,500 a Fabrairun 2024. Duk abin da ake shigowa da shi ya bi ta. Manomin da ke sayar da buhunan shinkafa ko riɗi don ya aurar da ɗansa yana biyan wannan bambanci a kan kowane kwalin takalmi. Abin da ake gani shi ne adadi na raguwa, mai sa shida ya koma uku, a cike da masu sauƙin kuɗi, amma da wuya a fitar da mai tsini gaba ɗaya, don kada a ce lefen ba takalmin fita. A ganina wannan ita ce shaida mafi ƙarfi cewa ya bar sahun yayi. Abin yayi idan ya yi tsada barinsa ake yi. Abin da ake cin bashi don kada a rasa shi ya zama al'ada, da nauyinta da komai. Masu wa'azi da masu unguwanni da ke kiran a rage tsadar aure sukan tsaya a kan yawan akwatuna da zannuwa, alhali zane ko ba daɗe ko ba jima za a ɗinka a ɗaura. Takalmin nan ne kuɗin da ya fi saurin mutuwa a cikin akwatin.

6.0 Hijabi, sauti da hoto

Da an zaci yaɗuwar hijabi zai kashe takalmi mai tsini. Tun bayan kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978 da bunƙasar makarantun Islamiyya na matan aure, hijabi ya yi ta maye gurbin gyale, kuma aiwatar da shari'ar Musulunci a Jigawa a 2000 ya ƙara masa gindin zama. Amma da sutura ta rufe jiki, ado sai ya taru a inda ya rage a fili, wato fuska da hannu da ƙafa. Ƙunshi ya bunƙasa, daga lallen gargajiya zuwa na salatif da zanen fulawa, kuma ƙafar da aka ɓata yini ana yi wa zane, aka goge mata kaushi da faso, tana neman buɗaɗɗen takalmin da zai nuna ta. Abaya da doguwar riga masu jan ƙasa su ma suna son a ɗan ɗaga, don kada bakinsu ya share ƙura.

Inda aka sami saɓani shi ne sauti. Aya ta 31 ta Suratun Nur ta hana mata buga ƙafa don a san adon da suka ɓoye, kuma malamai da yawa sun yi ƙiyasin ƙwas-ƙwas a kan wannan. Wasu kan ƙara da hadisin da ke cikin Sahihu Muslim game da wata gajeriyar mace daga Banu Isra'ila da ta yi wa kanta ƙafafun katako don ta yi daidai da dogayen abokan tafiyarta, su fitar da hukuncin yaudara daga ciki. Wasu kuma cutar da jiki suke kafa hujja da ita. Akwai masu sassautawa idan a cikin gida ne ko a tsakanin mata. Ba aikin wannan maƙala ba ne rinjayar da wani ra'ayi. Abin da ya shafe ta shi ne yadda mata suka warware matsalar ba tare da sun shiga muhawarar ba: sun koma mai tudu. Takalmin da ƙasansa roba ce mai kauri yana ƙara tsawo, ba ya nutsewa a rairayi, ba ya huda leda, ba ya ƙara, kuma ana zare shi kamar silifa. Shi ne ake gani a ƙafafun mata ranar salla da ranar suna a garuruwan Gwaram. Idan akwai sauyin yayi na gaskiya a yankin, wannan ne, kuma ƙasa da ladabi da fatawa ne suka haɗu suka haifar da shi.

Siririn tsini kuwa ya sami sabon aiki a gaban kyamara. Telan da zai ɗinka wa amarya rigar dina yakan tambayi da wane takalmi za ta sa, ya auna tsawon rigar a kansa. Rigar ta sauka ta rufe ƙafa ruf, ta yadda a hoton da za a ɗora a Instagram ko TikTok ba mai ganin takalmin, tsawon da ya bayar kawai ake gani da yadda ya miƙar da tsayuwa. Ƙawayen amarya da suka yi anko sukan zo da silifa a jaka, a sa tsini a bakin ɗakin taro, a cire shi kafin a shiga mota. Sa'a biyu ko uku ke nan a ƙafa.

7.0 Inda yake ƙarewa

Takalmin lefe yana da hanyoyin fita sanannu. Wani a ba ƙanwa ko 'yar ɗaki, wani ya zama na aro a unguwa, yana zagaya bukukuwa a ƙafafu daban-daban. Wani ya tafi hannun dillaliya idan bukata ta taso, ta shiga da shi gida-gida, sau da yawa ya koma cikin lefen wani da ƙarfinsa bai kai sabo ba. Wanda aka adana kuwa ba ya jira. Yawancinsu ba fata ba ce, roba ce da aka yi wa fuskar fata, kuma zafin bazara a ɗaki mai rufin kwano yana sa fuskar ta tsage ta riƙa ɓarewa, gam ɗin ya saki, ko da ba a taɓa sa takalmin ba. Mai gyaran takalmi a kasuwa yana iya sake ɗan robar bakin tsini ko ya ɗinke maɗauri, amma ba shi da maganin ɓarewa.

Dukawan Kano na Ƙofar Wambai, magadan waɗanda Barth ya gani, suna nan suna yanka fatar akuya da ta saniya, suna fitar da takalman maza da shimfiɗaɗɗun na mata da kan yi shekaru a ƙafa. Mai tsini yana bukatar sandar ƙarfe a ciki da dundunniyar da inji ya zuba, abubuwan da ba a rumfar baduku ake yin su ba. Don haka a yankin da ake kiwon awaki a kusan kowane gida, ana kuma loda fatunsu zuwa majemun Kano, takalmin da ake ɗagawa a yaba ranar buɗe lefe shi ne wanda ko zare ɗaya nasa ba a yi a ƙasar Hausa ba.